Tafki a Kan Dutse: Yadda Ake Shirya Tafiyar Ado-Awaye Daga Legas

Legas gari ne shimfiɗaɗɗe kamar tabarma. Mutumin Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 zai iya shekara goma bai hau abin da ya wuce gadar tsallake titi ba. Jikinsa ya saba da tsayuwa a shago, da zama cikin danfo, da zufar cunkoso, amma bai saba da hawa ba. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata shugabannin ƙungiyoyin matasa, da malaman Islamiyya, da 'yan kasuwar da ke haɗa kuɗi don fita shan iska su riƙe a zuciya idan aka ambaci Ado-Awaye. Dutsen bai da wani tsawo na ban tsoro, kuma rashin tsawon nan ne ke sa a raina shi. Abin da ke kayar da mutane a can rana ce, da santsin dutse, da ruwan tafki, da kuskuren lissafin lokaci.

Ado-Awaye gari ne a ƙaramar hukumar Iseyin ta jihar Oyo, kimanin kilomita 20 daga garin Iseyin, wanda ya yi suna wajen saƙar aso-oke, tufafin gargajiya na Yarbawa. Dutsen da ke bayan garin ana kiransa Oke-Ado, tafkin da ke samansa kuma Iyake. Masu tallar yawon buɗe ido na yawan cewa irinsa biyu ne kacal a duniya, shi da wani a jihar Kolorado ta Amurka. Wannan magana ce ta jawo baƙi, kada a ɗauke ta karatu. Abin da ido zai gani shi ne ruwa kwance cikin kwarmin dutse, can sama, babu kogin da ke zuba masa. Wanda ya taso kusa da Tiga ko Bagauda ya zo da tunanin zai ga ruwa iya ganinsa, zai ce ashe kududdufi aka kawo shi gani. Ba girman ruwan ake zuwa kallo ba, mazauninsa ake zuwa kallo, da kuma filin ƙasar Oke-Ogun, wato arewacin jihar Oyo, da ke buɗe wa mutum ta kowace fuska idan ya kai sama.

Irin waɗannan duwatsu na ƙasar Yarbawa 'yan uwan Zuma ne da duwatsun Kwatarkwashi: curarren dutse mai tauri da ya rage a tsaye bayan ruwa da iska sun cinye ƙasar da ke kewaye da shi. Inda dutsen ke da tsaga ko rauni, ruwan sama na kwanciya, yana cin wurin a hankali har ya zama kwarmi, kuma tunda ƙasan kwarmin dutse ne, ruwan ba ya tsiyayewa. Wannan daban yake da tafkin bakin dutse mai aman wuta irin Nyos na Kamaru, wanda a watan Agustan 1986 ya saki iskar da ta hallaka mutum sama da 1,700 cikin dare ɗaya. Babu wannan fargabar a Oke-Ado. Fargabar kwarmin dutse ita ce gefensa: a sulɓe yake, a gangare, lulluɓe da gansakuka, babu abin kamawa. Wanda ya zame ciki, ko ya iya ruwa, fitowa ce za ta ba shi wuya.

Hanya biyu ce daga Legas. Ta farko ta Abeokuta: a bi Sango-Ota ko a zaga ta mararrabar Sagamu, daga Abeokuta a nufi Igbo-Ora, garin nan da aka sani da yawan tagwaye, a ci gaba kan hanyar Iseyin har Ado-Awaye. Ta biyu ta Ibadan: babban titin Legas zuwa Ibadan, a fita ta Moniya, a ɗauki titin Moniya zuwa Iseyin mai tsawon kilomita 65 da aka sabunta aka buɗe a 2021, sannan daga Iseyin a gangaro. Ta biyun ta fi nisa a taswira, amma direbobi da yawa sun fi son ta. Akwai kuma jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan, wanda ke tsayawa a Agege, ya bi ta Abeokuta, ya sauke a Moniya, daidai bakin titin Iseyin. Ga iyali mai yara wannan ya fi sauƙi, sai dai lokacin tashin jirgi ba ya jiran mai hawan dutse, don haka duk wanda ya zaɓe shi ya shirya kwana.

Kwana a can shi ne muke ba kowa shawara, ko da mota aka je. Ga lissafin. Tafiyar mota ta kai awa huɗu idan hanya ta yi kyau. Ayarin da ya ce zai tashi bayan asuba, a gaskiya sai ƙarfe bakwai zai bar Agege, domin dole wani ya makara, dole a tsaya shan mai. Za a isa wajen sha ɗaya, a gama gaisuwa da biyan kuɗin shiga da neman ɗan jagora, a fara hawa rana na tsaka. Falalen dutse kuwa yana shan zafin rana ya mayar wa mutum ta ƙasa, ya zama wuta sama wuta ƙasa. Zagayen dutsen da hutawa da ɗaukar hoto na cin awa uku zuwa huɗu. A sauko da la'asar a gajiye, direba ya kama hanya, magariba ta riske shi tun bai kai rabi ba. Wanda ya kwana a Iseyin kuwa, ƙarfe shida da rabi na safe yana gindin dutse, kafin sha ɗaya ya sauko, azahar ta same shi a kan hanyar gida. Kuɗin masauki na dare ɗaya bai kai wahalar da yake ɗauke wa mutum ba.

Lokacin shekara ma abin dubawa ne. Damina a wannan yanki na farawa wajen Afrilu ta kai Oktoba, da ɗan tsagaitawa a Agusta. Nuwamba zuwa farkon Disamba ya fi daɗi: ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba, tafkin a cike, sararin sama garau. Daga ƙarshen Disamba zuwa Janairu safiya na da sanyi, amma hazon hunturu na rufe hangen nesa, kuma lokacin ne ake cinna wa daji wuta. Fabrairu da Maris zafi ne tsagwaronsa. Da azumi kuwa, kada a kuskura a shirya wannan tafiya da rana, kome ƙarfin jikin samari.

Yanzu ruwan sha, wanda a nan ne yawancin ayari ke yin kuskure. Mai hawa cikin zafi na bukatar rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa. A ƙaddara lita uku ga kowane babba. Ledar fiya-wata ɗaya rabin lita ce, wato leda shida kenan ga mutum ɗaya. Jaka na ɗauke da leda 20. Bas mai mutum 14 na bukatar leda 84 don sha kawai, sama da jaka huɗu, ban da na alwala da wanke ciwo da wanda za a bari a mota don masu saukowa. A sayi jaka shida a huta. Kuma kada a ɗora wa yaro ɗaya jaka a ka, domin kilo goma ce. Kowa ya zuba nasa a jakar goyo, hannuwansa biyu su zama a sake. A sha kaɗan-kaɗan duk bayan minti 15 ko 20, ba sai maƙogwaro ya bushe ba. Zufa ba ruwa kaɗai take fitarwa ba, har da gishiri, shi ya sa sharaɓa ke ɗaurewa ana tsakiyar hawa. A tafi da ƙullin gishiri da sukari na kemis, ko a haɗa da hannu: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Guzuri kuma mara nauyi: dabino, gyaɗa, ayaba, ƙuli-ƙuli, burodi. Shinkafa da nama a bar su a kula cikin mota sai an sauko. Lemon kwalba mai gas da abin shan ƙara kuzari ba sa maye gurbin ruwa.

Takalmi: kambas mai ƙasan roba mai zane, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, da safa mai kauri. Sabon takalmi bororo zai fitar kafin a kai sama. Silifas da takalmin fata mai sulɓin ƙasa, irin na zuwa Juma'a, su ne ke kai mutane wurin maɗori. Maza su bar babbar riga da doguwar jallabiya. Riga mai dogon hannu mara nauyi da wando sakakke da malafa sun wadatar. Mata za su iya hawa cikin cikakkiyar sutura ba tare da wata matsala ba: wando sakakke a ciki, riga zuwa ƙasan gwiwa, hijabi mai haske wanda bai kai ƙasa ba. Doguwar abaya mai jan ƙasa ita ce haɗarin, domin wajen hawa matakala mace na taka bakinta, hannun da ya kamata ya dafa dutse kuma yana riƙe da tufa.

Hawan kansa kashi biyu ne. Da farko matakala ce, ana ƙirga ta 369. Kwatanci: na Idanre a jihar Ondo sun haura 600. Samari kan ɗauki matakalar nan da gudu, su kai ta ɗari suna haki kamar an kora su. Ma'aunin da ya dace mai sauƙi ne: idan ba ka iya yin magana da na kusa da kai kana tafiya, ka yi sauri da yawa. A huta minti biyu duk bayan matakala 50 ko 60, a tsaye ko a jingine, domin dogon zama na sanyaya ƙafa. Mafi rauni a ayari shi ke gaba kusa da ɗan jagora, mutum mai ƙarfi da natsuwa kuma ya zama na ƙarshe, ba wanda zai kasance a bayansa. A ƙirga kai a gindin dutse, a ƙirga a sama, a ƙirga kafin mota ta tashi.

Ƙarshen matakala ba ƙarshen hawa ba ne. Hangen Dala ba shiga birni ba. Daga nan sai tafiya kan falalen dutse da tsakanin itatuwa, inda ɗan jagora zai bi da ku ta wuraren da garin ke ji da su: dutsen Ishage da ke tsaye kamar an ajiye shi, galibi ɗaure da farin ƙyalle, da kututturen da ake kira itacen giwa saboda kamanninsa, da ramukan da ke kama da sawun ƙafa waɗanda suke kira sawun magabata, sai tafkin kansa. A kan falale ana taka dukan tafin ƙafa ne, ba yatsu kaɗai ba. Duk inda dutse ya yi baƙin zane daga sama zuwa ƙasa, hanyar ruwa ce, kuma ko a bushe take da raɓar safiya tana santsi kamar an zuba kuɓewa. A kauce mata.

Waɗannan wurare suna da matsayi a al'adar mutanen garin. Akwai masu zuwa tafkin neman haihuwa da biyan bukata, akwai masu ɗibar ruwansa, kuma an hana shiga cikinsa wanka ko iyo. Suna cewa ba a san iyakar zurfinsa ba. Musulmin da ya je kallo ba dole ya yi abin da ya saɓa wa aƙidarsa ba. Idan an miƙo ruwan ko an ce a roƙi wani abu, “na gode” da murmushi sun isa. Amma ba wurin wa'azi ba ne, ba wurin dariya ba ne, kuma a ja wa yara kunne tun a mota kada su taɓa ƙyalle ko ƙwarya ko wani abu da suka gani an ajiye. Kada a ɗauki hoton mai addu'a sai da izninsa. Mu baƙi ne a dutsen mutane.

Wannan ya kawo mu ga wata magana da takardun talla ba sa faɗa, amma ta shafi Bahaushe kai tsaye. Yankin Ibarapa da Oke-Ogun ya ga rikicin manoma da makiyaya, wanda ya yi tsanani a Igangan a 2021, shekarar da aka yi rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. Akwai shingayen 'yan sanda da na Amotekun, jami'an tsaro na jihohin Yarbawa, a hanya. Bas cike da samari masu magana da Hausa zai jawo tambaya, wannan gaskiya ce ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba. Don haka kowa ya riƙe katin shaida, shugaban tafiya ya riƙe jerin sunaye da takarda mai hatimin ƙungiya ko makaranta da ke bayyana inda za a je, a sa wanda ya iya Yarbanci a kujerar gaba, kada kowa ya ɗauki wuƙa ko adda da sunan shiga daji, kuma a yi tafiyar da rana. Kafin ranar, a tuntuɓi Hausawan Iseyin ta hannun shugabanninsu a ji halin da hanya ke ciki a makon. A riƙe tsabar kuɗi ƙanana don kuɗin shiga da sallamar ɗan jagora, a kuma daidaita farashi tun a ƙasa.

Salla ba ta da wuya. Nisan ya wuce na kasaru. Alƙibla daga wannan yanki gabas ce maso arewa. A yi alwala da ruwan da aka zo da shi, nesa da bakin tafki.

Zafi na kama mutum mataki-mataki. Na farko: zufa sharkaf, jiri, ciwon kai, tashin zuciya, kasala. A kai shi inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufa, a ba shi ruwan gishiri da sukari kurɓi-kurɓi, kuma hawansa ya ƙare ke nan a ranar ko ya ce ya warware. Na biyu shi ne mai kisa: jiki ya yi zafi rau, mutum ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko faɗa ba dalili, ko ya suma. Sau da yawa 'yan ayari kan ce iska ce ta taɓa shi, musamman da yake wurin na da labarai, sai a tsaya tofi ana ɓata lokaci. A yi addu'a, amma hannu na aiki: a jiƙa shi da duk ruwan da ke akwai, wuya da hammata da matsematsi, a yi ta fifita, a sauko da shi zuwa asibiti. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki.

Hadari a nan, kamar a gida, daga gabas yake tasowa, kuma na farkon damina da na ƙarshenta sun fi zuwa da iska da tsawa. Kan dutse tsirara, kusa da ruwa, shi ne mafi munin wurin da aradu za ta sami mutum. Idan ka ga walƙiya ka fara ƙirga: kowace daƙiƙa uku kafin ƙarar ta iso kilomita ɗaya ce. Ƙasa da daƙiƙa 30, hadarin na cikin kilomita goma, a fara sauka nan take. Kada a fake ƙarƙashin itace tilo ko bakin kogo, kada a cure wuri ɗaya, a naɗe lema. Ba a komawa sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba.

Maciji ba kasafai yake tsayawa inda ake hayaniya ba, amma kasa ba ta gudu, kwanciyarta take yi cikin busasshen ganye. Kada a cusa hannu a tsagar dutse, kada a bar turba. Idan tsautsayi ya faɗa: ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauki mutumin, a nufi babban asibiti mai allurar dafin maciji. Zuma ma na yin saƙa a duwatsun nan. Turare mai ƙarfi da jifa na tayar da ita.

Saukowa ta fi hawa haɗari, ko da yake ba ta sa haki. Cinya ta gaji, gwiwa na rawa, hankali ya koma kan abincin da ke mota, nauyin jiki duka kuma na sauka kan ƙafa ɗaya a kowane taku. A gajarta taku, a ɗan lanƙwasa gwiwa, a ƙara ɗaure igiyar takalmi don kada yatsu su riƙa dukan gaba. Inda gangara ta yi tsanani a juya gefe, ko a zauna a ja jiki. Wando ne zai yi datti. A bar tazarar taku uku tsakanin mutum da mutum don kada wanda ya zame ya kwashi na gabansa. Waya ta koma aljihu. Jakar taimakon farko ta ayari ba ta bukatar tarkace: bandeji mai talewa guda biyu don targaɗe, filasta, auduga, ruwan wanke ciwo, farasitamol, tocila, da usur. Ledojin ruwan da aka sha kuma kowa ya sauko da nasa. Buhu ɗaya a hannun na ƙarshe ya isa ya tsince abin da ya faɗi.

Masu kwana biyu kan haɗa da madatsar ruwa ta Ikere a kan kogin Ogun, ita ma a ƙasar Iseyin, wadda aka soma ginawa a zamanin Shagari da niyyar samar da lantarki da noman rani. A can ne ake samun ruwa mai faɗi da duwatsu kewaye da shi, da masunta da kwale-kwalensu. Wanda ya saba da jiragen ruwan Legas ya san dokar rigar kariya. Ita ce dai a nan, sai dai a ƙauye ba lallai a same ta ba, don haka a zo da ita ko a haƙura da shiga. Ba a tsayuwa cikin kwale-kwale don hoto, ba a wuce adadin da mai shi ya faɗa, ba a shiga bayan la'asar sakaliya. Ƙarƙashin ruwan madatsa akwai kututturan itatuwan da ruwa ya cinye da tsofaffin koma, masu riƙe ƙafa. Idan wani ya faɗa, kada wanda bai ƙware ba ya bi shi. Mai nutsewa na danne mai cetonsa. A miƙa masa gora, ko a jefa masa jarkar lita 20 wadda ba kome a cikinta, an ɗaure murfinta tam an sa mata igiya. Tana iya riƙe babban mutum a saman ruwa har a jawo shi.

Sai tsargiya. Ƙwayar cutar na rayuwa cikin ƙananan dodon-koɗi na ruwan da ba ya gudu, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai tsoma ƙafa ba tare da ya ji ba. Madatsar Oyan da ke kusa da Abeokuta an daɗe da sanin ta da wannan cuta, kuma duk wani kwantaccen ruwa a yankin a ɗauke shi haka. Alamar ba ta fitowa a ranar. Ƙaiƙayi ne da farko, bayan makonni zazzaɓi, daga baya jini a ƙarshen fitsari. Duk wanda ya shiga ruwa a tafiyar, musamman yara da kan ɓoye, idan ya ga haka ya je asibiti ya faɗi inda ya je da ranar da ya shiga. Maganinta praziquantel ne, kuma da nauyin jiki ake auna shi, don haka ba na saye a kan tebur ba ne. Zazzaɓin da ya zo mako ɗaya ko biyu bayan kwana a bakin ruwa kuwa, a fara da gwajin maleriya.